Goyon da Ya Yi Nauyi

A wani gari, an yi wata mata mai 'ya ɗaya, wadda ta isa tafiya amma ba ta taka ba. Likitar gashin ƙashi ta ce, "Baiwar Allah, ki riƙa miƙe mata ƙafafu kullum, ko tana kuka."

Uwa ta kama ƙafa, yarinya ta fashe da kuka. Uwa ta ce, "Yi shiru, sai gobe," ta goya ta. Damina ta wuce, wata ta zo, kullum sai gobe.

Ran nan goyo ya gagara. Da aka sauke yarinya, ƙafafu sun ƙage. Ta hango yara suna guje-guje, ta ce, "Inna, ja ƙafar, ba zan yi kuka ba."

Inna ta ja. Ita ce ta yi kukan.