Ranar da Rozaimi Ya Ƙi Tsayawa

Akwai wani aibi da ke kama masu sabuwar mota: mutum ya ɗauka ƙarfin inji ƙarfinsa ne, don haka dole kowa ya kauce masa, a kan kwalta da kuma a wajen neman aure. To, ganga in ta cika zaƙi fashewa za ta yi. Ga yadda ta Shahrizal ta fashe.

Ranar Asabar ce da hantsi, a filin gudun motoci da ke tsakiyar gonakin kwakwar manja. Juwita na tsugune gefen 'yar jar motarta tana rage iskar taya, sai ta ga wasu baƙaƙen takalma sau-ciki sun tsaya a gabanta, an goge su tas.

Ta ɗago kai.

"Abah...!"

Haji Deraman ne, mahaifinta. Ya dubi hular kwanon da ke kan rufin motar, ya dubi lambar da aka manna a ƙofa, sannan ya dube ta.

"Kin ce mini ƙungiyar masu son mota ce," ya ce. "Ni na ɗauka wanke su kuke yi kuna ɗaukar hoto."

"Muna wankewa ma, Abah..."

"Rufe mini baki!"

Shekara talatin da biyu Haji ya yi yana tuƙa babbar motar fasinja tsakanin Kota Bharu da Kuala Lumpur, ko kaza bai taɓa takewa ba. A wurinsa gudu ba wasa ba ne, ajali ne. Ga 'yarsa tilo, mai shekara ashirin da tara, mai haɗa magani a asibiti, ta tara albashinta ta sayi mota mai kujera biyu tana cilla ta kamar an jefa dutse.

Ba sai ta tambayi wanda ya kawo shi ba. Shahrizal na tsaye a bayansa yana wasa da makulli. Ɗan tsohon aminin Haji ne, mai shagunan kayan ɗaki, da baƙar mota ƙirar Jamus wadda ba ta fi wata huɗu ba. Zuwansa filin na uku ke nan, amma in yana magana sai ka rantse shi ya zuba kwaltar. Ya daɗe yana son Juwita, ita kuwa ta daɗe da gaya masa gaskiya. Da ya ga ƙofa ta ƙi buɗuwa sai ya zagaya ta taga, ya riƙa zuwa shan shayi wurin Haji yana cewa, "Wannan malamin makarantar ne ke jan ta. Wata rana gawarta zai kawo maka."

Ana cikin haka sai ga malamin makarantar, Rozaimi, riƙe da ƙunshi biyu na nasi lemak, shinkafar da ake dafawa da madarar kwakwa, a ganyen ayaba. Bai lura da baƙo ba.

"Sayang, masoyiyata, na samo miki mai yajin nan da ke sa ki kuka, kina ci kina zagina..."

Ya ɗago kai.

Sai ya ga dattijon.

Ya ajiye shinkafar a kan taya, ya sunkuya ya kama hannun dattijon zai sumbata. Haji ya ba shi kan yatsu kawai.

"Kai ne ka koya mata?"

"Ni ne, Pak Haji. Shekara biyu ke nan."

"Kai ne kuma ka aiko gwaggonka gidana sau biyu neman aurenta?"

"Ni ne."

"Ka ga ba ka da kunya."

Shahrizal ya yi dariya ya matso. "Pak Haji, an yarda a ɗauki fasinja. Shigo tawa ka ga yadda ake tuƙi na hankali. Kujerar fata, ga sanyi."

"A'a," in ji Haji. "Wanda aka kawo mini ƙararsa, tasa zan hau. Gani ya kori ji. Ni ba a bakin mutum nake saninsa ba, a ƙafarsa nake saninsa, yadda yake taka birki." Ya juya ga Rozaimi. "In na sauko ban gamsu ba, ka gaya wa gwaggonka ta huta da zirga-zirga. Ke kuma ki sayar da wannan abin."

Fuskar Shahrizal ta sauya. Labarin zuciya a tambayi fuska.

Aka je nemo wa Haji hular kwano. Juwita ta ɗaura tata a kan ɗankwali, ta shiga mota. Rozaimi ya tsaya a bakin tagarta, bai taɓa ta ba, ya dai rage murya.

"Ki ja numfashi, farin cikina."

"Abang," ta ce, da sunan girmamawar da take kiransa, "in ya ce a'a fa?"

"Sai in sake aiko gwaggo. Ta ce ita ba ta gaji ba, wainar kwakwar mahaifiyarki ce ke kai ta."

"Ina kuka kana wasa!"

"Ba wasa nake ba. Na jira ki wata takwas kafin ki daina taka birki a tsakiyar kwana. Jiran mahaifinki mai sauƙi ne."

Ta yi dariya da hawaye a idonta.

"Mugu kawai..."

"Ki tuƙa yadda kika saba. Ina bayanki."

Su goma sha biyu aka saki. Al'adar ƙungiyar kowa ya san ta: wannan ba tsere ba ne, babu kofi, babu na ɗaya. Ba a wuce mota a kwana. A miƙaƙƙiyar hanya ma ba ka wucewa sai na gabanka ya fito da hannu ta taga ya nuna maka gefen da za ka bi.

Zagaye uku suka yi lafiya. Juwita na gaba, farar tsohuwar motar Rozaimi na biye da ita a madubi, ba ta matsowa ba ta yin nisa. Zuciyarta ta fara kwanciya.

A zagaye na huɗu sai ga baƙar mota. Rozaimi ya fito da hannu a miƙaƙƙiyar hanya, ta wuce shi kamar walƙiya, ta manne a bayan Juwita tana kunna mata fitila. Sun riga sun iso tudu, bayan tudun kuwa kwana ce mai kaifi wadda na baya ba ya ganin abin da ke cikinta sai ya hau kai. Ta ce a ranta, ka yi haƙuri mu fita kwanar in ba ka hannu.

Shahrizal bai jira ba. Yana so dattijo ya ga ya share su biyu a numfashi ɗaya. Ya kutso ta ciki, daidai inda za ta karya sitiyari.

"Innalillahi...!"

Ta kauce don kada su haɗu. Bayan motarta ya sulale, duniya ta juya sau biyu, sai ƙarar tsakuwa kamar ruwan ƙanƙara. Motar ta tsaya a cikin tsakuwar gefen hanya, tana fuskantar tudu, hancinta bai fi taku biyu daga kwalta ba.

Ta motsa ƙafafunta. Lafiya. Ta motsa wuya. Lafiya.

Sai ga farar mota ta hau tudu.

Ta ga mahaifinta a ciki, bakinsa a buɗe yana ihu, yana dukan kafaɗar Rozaimi da hannu biyu. Ba ta jin muryarsa, amma ta san abin da yake cewa.

Ta ƙanƙame sitiyari.

"Kada ka tsaya, Abang... don Allah kada ka tsaya...!"

Rozaimi ya fito da hannu ya ɗaga shi sama tsaye, alamar haɗari ga na baya. Ya rage gudu a hankali, ba da birki mai ƙarfi ba, ya ja can gefe mai nisa da ita. Ya dube ta sau ɗaya. Ta ɗaga masa babban yatsa.

Ya wuce.

Motoci biyar suka biyo shi ɗaya bayan ɗaya, kowace ta rage gudu ta bi sawunsa, babu wadda ta taɓa wata. Juwita ta kifa kai a sitiyari ta fashe da kuka.

Da motar jan motoci ta dawo da ita rumfar ajiye motoci, tun daga nesa take jin muryar Haji. Ya cire hular kwano ya yi jifa da ita. Rozaimi na tsaye kansa a ƙasa.

"'Yata a cikin tsakuwa ka wuce ta! Ina ce maka tsaya, kana tafiya! Wannan ne son? Ko kare ka gani a gefen hanya..."

"Abah!"

Ta sauko da gudu ta faɗa jikinsa. Ya shafa kanta, ya duba hannayenta, ya juya ta kamar jaririya. Rozaimi ya yi taku biyu wajenta, ya tuna a gaban wa yake, ya tsaya cak.

"Babu inda ke miki ciwo?" ya tambaya.

"Babu, Abang. Na gode da ba ka tsaya ba."

Haji ya sake ta. "Godiya kike masa?"

"Abah, bayan tudu nake. Wanda ke tahowa ba ya ganin komai sai ya hau kai. In da ya tsaya, na bayansa zai kauce masa ne, kuma babu inda zai kauce sai kaina. Shi ya sa a nan ba mai tsayawa, ba mai fitowa daga mota, ko uwarka ce a ciki. Kai fa ka sha gaya mini, a hawan Gua Musang ba a tsayar da mota a bayan kwana ko da taya ta fashe..."

Haji ya waiwaya wajen tudun. Sannan ya juya ga Rozaimi.

"Motoci nawa ne a bayanmu?"

"Biyar, Pak Haji. Ta farko ba ta fi tsawon mota huɗu daga gare mu ba."

"Yaushe ka ƙirga?"

"Madubi na fara dubawa kafin in dube ta." Hawaye ya zubo masa. "Wallahi ƙafata ta je kan birki sau biyu. Da ƙyar na ɗauke ta."

Dattijon ya dube shi.

"Ni da na yi shekara talatin da biyu a kan hanya," ya ce a hankali, "ban dubi madubi ba."

Sai ga Shahrizal ya zagayo daga bayan rumfuna yana share gumi. Shi tutar gargaɗi ba ta rage masa gudu ba, sai da ya ƙara zagaye biyu yana neman lokaci mai kyau, har aka ɗaga masa baƙar tuta aka ce ya fito.

"Pak Haji, ka gani ko? Ita ce ta toshe ni. Irin koyarwar da ya yi mata ke nan..."

"Ina ciki, yaro. Da idona na gani."

Kawu Selvam, shugaban ƙungiyar, ya shaƙi iska ya yamutsa fuska. "Kai, ina ka ajiye motarka? Ka yi zagayen huce birki?"

Duk mai zuwa filin nan ya san bayan gudu ana yin zagaye ɗaya a hankali don ƙarfen birki ya sha iska, kuma ba a jan birkin hannu, ba a ajiye mota a kan ciyawa. Shahrizal don fushi da kunya ya shigo da zafinsa, ya ɓoye motar a kan busasshiyar ciyawa bayan rumfuna, ya ja birkin hannu har ƙarshe.

"Wuta...! Wuta!"

Rozaimi ne ya fara sungumar tukunyar kashe gobara ya ruga. Da aka kashe ta, gaban baƙar motar ya zama gawayi.

Haji ya zauna a kan tsohuwar taya, ya ɗauki ƙunshin nasi lemak ɗaya, ya buɗe, ya ci loma biyu duk da ta huce. Rozaimi ya dawo da baƙin hayaƙi a fuska. Dattijon ya miƙa masa hannu, duka tafin wannan karon.

"Ka gaya wa gwaggonka ta zo ranar Lahadi. Ta zo da zobe, ba da cikinta kaɗai ba."

"Abah...!" Juwita ta durƙusa ta rungume gwiwoyinsa.

"Ban gama ba. Motar nan ba za ki sayar ba. Amma duk ranar da za ki fita, shi ne a bayanki."

"Ai shi ne a bayana kullum, Abah. Motarsa ba ta iya kamo ni."

Rozaimi ya ce, "Ka ji ta ko, Pak Haji? Tun ba a ɗaura ba!"

"Kai ka nema," in ji Haji. "Kowa ya ci zomo ya ci gudu."

Bayan ƙaramar salla aka ɗaura auren. 'Yan ƙungiya suka raka amarya da motoci ashirin da uku, a jere, a hankali, Haji na gaba yana tuƙa jar motar 'yarsa, gwiwoyinsa na taɓa sitiyari.

Shahrizal kuwa, don daƙiƙa uku da ya kasa jira, ga abin da ya bari a filin nan. Motarsa ta wata huɗu ta tafi a bayan motar jan motoci, ba ta sake hawa kwalta ba. Kawu Selvam ya soke sunansa, ya kuma sanar da sauran ƙungiyoyi, babu wadda ta ƙara karɓarsa. Kujerar da yake zama yana shan shayi a gidan Haji an mayar da ita ɗaki. Mahaifinsa, mai furfura, sai da ya je da kansa ya ba amininsa haƙuri, kuma har yau in sun haɗu a masallaci gaisuwar ba ta wuce musabaha. Juwita kuma, wadda ya yi duk wannan dominta, katin bikinta ma a hannun wani ya gan shi.