Shekarun Malam Yari

A layin rabon hatsi na 'yan gudun hijira a Sabon Birni Muzammilu ya fara ganin Radiyya. Tana riƙe da hannun mahaifinta, Malam Yari, wanda 'yan bindiga suka raba da gonarsa a Gatawa. Duk sun gaji, har shi Muzammilun da ya taso daga Isa. Shi ya rubuta manhajar rajistar da ƙungiyar agajin ke amfani da ita.

Aka zo kan tsohon, na'ura ta ƙi shi. Muzammilu ya matso ya tambaye shi.

"Baba, yaushe aka haife ka?"

"Shekara biyu kahin 'yancin kai."

Nan take Muzammilu ya gane matsalar. Kwamfuta daga farkon 1970 take ƙirga lokaci, duk wanda ya riga nan zuwa duniya lambarsa ƙasa da sifili take komawa. Shi kuwa gwanin naku, da hannunsa ya umarci manhajar ta ƙi irin wannan lamba. Ma'aikata sun riga sun samo dabara: kowane tsoho sai su rubuta masa 1970.

Wakili, ƙanen Malam Yari, ya yarda aka rubuta masa 1970, ya karɓi buhunsa. Malam Yari ya ƙi.

"In zama tsaran Wakili da na goya? An amshe min gona, shekaruna ma a amshe? Mu tahi, ɗiyata."

Suka koma hannu wofi. Kallon da Radiyya ta yi wa Muzammilu ya hana shi sukuni. Ya nemi lambarta don ba da haƙuri, haƙuri kuwa ya zarce hira, hira ta zama so. Da ya aika manya, tsohon ya ce ba ya ba da ɗiya ga wanda na'urarsa ta ce ba a haife shi ba.

Ta rubuto masa: "Nawan, na gaji wallahi. Geron Baba Wakili muke ci, Baba ko kallon tuwon ba ya son yi. Kullum ramewa yake."

Ya amsa: "Sanyin idona, laifina ne. Za ni gyara."

Gyaran bai ɗauki wuni ba. Samun izinin manyan ofis ne ya ci makonni, ga zirga-zirga a hanyar da kowa ke bi da addu'a a baki.

Ranar rabo na gaba, Muzammilu ya shigar da 1958. Na'ura ta karɓa.

"Mi ta ce?"

"Ta ce kai ne babba, Baba."

Tsohon ya goge ido da bakin rawani. Sannan ya sa aka kira Wakili a maimaita a gabansa.

Bayan kaka aka ɗaura auren, ba wani taro, sai goro da dabino. Liman ya tambayi waliyyin amarya, Malam Yari ya nuna ƙanensa.

"Yaron nan za shi bayar. Allah shi yi musu albarka, shi kai su shekaruna, a rubuta musu su daidai."