Lomar da Garzali Bai Ci Ba

"Wai ke Fausatu, wannan ba taliyar murji ba ce? Ita kika yi wata shida kina koyo, har da wani Italiyanci?"

Umma Atine ce ke tsokanar 'yarta daga ƙofar kicin, a gidansu na hawa na uku a unguwar Al Muntazah, cikin birnin Doha. Fausatu ko murmushi ba ta yi ba. Sai murza kwaɓin fulawa take yi kamar da shi suka yi faɗa, idanun nan jawur.

Yau ce ranar ƙarshe ta kwas ɗin koyon Italiyanci da girki, wanda mahaifinta Dakta Mu'azu ya sa ta bayan ta gama digiri, wai don ta rage zaman danna waya. Bawan Allah bai san abin da ya jawo wa kansa ba! A ajin nan ta haɗu da Garzali, ɗan Gusau, kuku a wani otal, mai sanyin magana da zafin nama a gaban tukunya. Sau ɗaya Garzali ya zo gaisuwa, sau ɗayan kuma ya ishe shi. Ko takalminsa bai gama sakawa ba Dakta ya ɗaga murya a falo.

"Namiji da ludayi? In 'yan uwana a Katsina suka tambaye ni sana'ar surukina, in ce musu me?"

Ga shi kwantiragin Garzali ya ƙare, kafil ɗinsa, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin zamansa a ƙasar, ya ce khalas, an gama, saura kwana tara ya bar Qatar. Abu ɗaya ya rage. Yau makarantar za ta zaɓi ɗalibi guda a tura shi Italiya ƙaro karatu na shekara. Da ƙyar da lallashi Umma ta samu Dakta ya ce, "In ya samo takardar Italiya, sai a sake magana." A kan wannan 'yar maganar Fausatu ta rataye ranta gaba ɗaya.

"Umma, in bai samu ba fa?"

"Ki bar kiran abin da bai zo ba. Share fuskarki, Abbanki na jira a mota."

Bayan La'asar suka isa makarantar a unguwar Fereej Abdel Aziz. An jera dogon tebur, ɗalibai goma sha biyu da iyalansu, sai wani dattijo da ya zo daga Italiya don zaɓen. Malama Ornella, gajeriyar mace mai magana da hannuwa biyu, ta bayyana ƙa'idar da take rufe kowane kwas da ita. Kowane ɗalibi zai kawo girkinsa gaban baƙo ɗaya, ya yi bayaninsa da Italiyanci, sannan ya zauna su ci tare, ko da loma ɗaya ce. A wurinta, kukun da bai iya cin girkinsa da baƙo ba bai gama zama kuku ba.

Sai ta yi abin da take gani alheri ne. Garzali ba shi da kowa a Doha, ga kuma Dakta ɗan ƙasarsu. Ta kama hannun rigar Garzali ta kai shi gaban Dakta Mu'azu, tana ta fara'a.



Garzali ya ajiye farantin, taliya ce mai faɗi da miyar naman rago da ya wuni yana dafawa. Ya yi bayaninsa tiryan-tiryan, Italiyancin nan kamar a can aka yanke masa cibiya, har dattijon yana gyaɗa kai yana rubutu. Dakta ya ɗanɗana, ya ƙara. Saura Garzali ya kai loma ɗaya kawai.

"Yalla, Garzali, zauna ka ci!" in ji Malama Ornella.

Garzali bai hau kujera ba. Durƙusawa ya yi gefen tebur, kansa a ƙasa.

"Malama, ki yi haƙuri. Ba zan iya ba."

"Ba ka da lafiya ne? Azumi kake yi?"

"A'a."

"To abincin ne da matsala?"

"Ba shi da ita."

 Fausatu ta kafa masa ido tana roƙonsa da duk abin da ido zai iya faɗi. Ka ci, Garzali! Loma ɗaya ce! Ta san abin da ya riƙe shi, kowane Bahaushe a wurin ya sani: mai neman 'yar mutum ba ya cin abinci a gaban ubanta. Amma yaya za a yi wa Malama Ornella wannan bayani ba tare da an tona zancen a gaban jama'a ba? Dakta kuwa, wanda kalma ɗaya daga bakinsa za ta wadatar, ya naɗe hannu ya zuba ido. Dattijon nan na Italiya ya rufe littafinsa. Minti ashirin bayan haka aka kira sunan Diana, wata nas 'yar Jos, aka yi ta tafi.

Daga nan aka shiga sallama. Ana raba satifiket, ana ɗaukar hoto, Malama Ornella tana rungumar ɗalibanta mata tana hawaye, tana sa kowa ya yi mata bankwana da Italiyanci. Fausatu, wadda ta fi kowa maki a darasin gaisuwa, ta buɗe baki ta kasa. Ta sulale ta fita, ta sami Garzali a bakin matakala yana ninke farar rigarsa ta girki.

"Ka kashe mu, Garzali! Wallahi ka kashe mu! Wata shida muna jiran yau, saboda loma ɗaya?"

"Fausatu, saurare ni..."

"Mutumin da ya ce ba ya son ka! Kunyar me za ka ji masa?"

"Shi ya ce ba ya so na. Ni ban ce na fasa neman 'yarsa ba."  "Da na zauna na buɗe baki a gabansa, da na nuna masa na haƙura da ke. Hannuna ma ƙin ɗaguwa ya yi."

Ta fashe da kuka mai cin rai. Ya miƙa mata ƙaramin littafinsa na girki, duk ya sha mai da tumatir, ya ce ta yafe masa. Ya juya ya tafi.

Kwana tara suka cika, Garzali ya koma Gusau. Fausatu ta rame, ta daina shiga kicin. Garzali ya hana ta kiransa a ɓoye, ya ce abin da ba a yi da yardar Abba ba, ba ya so. Sau biyu ƙawayenta suna ba ta shawarar ta yi wa mahaifinta bore, ta ƙi. Tana gaishe shi da safe, tana goge masa kayan asibiti, tana shiga ɗaki ta yi kukanta. Shi kuma ko sunan Garzali bai sake ambata ba. Haka wata takwas suka shuɗe, har ita kanta ta fid da rai.

Wata Juma'a da suka dawo masallaci, Dakta ya zauna gaban abinci ya kasa ci.

"Atine, sau nawa na ci abinci a gaban Malam, mahaifinki?"

"Ko sau ɗaya. Har ya koma ga Allah."

"Shekara ashirin da biyu ina Doha. Yaran abokaina nawa suka zo neman Fausatu? Injiniyoyi, likitoci. Kowanne ya zauna a kujerar nan ya cinye faranti yana min hirar ƙwallo." Ya share ido da bayan hannu. "Yaron nan ina kallonsa ya ajiye Italiya a ƙasa don jin kunyata, girman kai ya hana ni cewa uffan. Ni na cuce shi. Fausatu! Ki gaya masa ya tura magabatansa wurin Baffanki a Katsina."

Fausatu ta zube a wurin, kuka ya hana ta godiya.

Italiya dai ta wuce, ba ta sake dawowa ba. A Kaduna suka buɗe ɗan gidan abinci mai tebur shida, ita da shi. 'Yan mata da samari, ku riƙe wannan: haƙuri da iyaye yana da ɗaci, yana kuma cin wani abu da ba ya dawowa, amma ba ya barin mai shi hannu wofi. Ku kuma iyaye, ku dubi tarbiyya kafin ku dubi sana'a.

Duk hutu Dakta Mu'azu yana zuwa ya cinye faranti biyu. Har yau in ya ɗauki cokali, Garzali waje yake fita ya tsaya.