Sunan Ɗan Fari

Ranar Talata, 14 ga Janairu, 1986, gari ya waye a Riyad da yayyafi da wani sanyi mai ratsa ƙashi. A hawa na uku na wani tsohon bene a unguwar Ulaisha, Hajiya Sailuba tana zaune kusa da hita, ta rufe kumburarrun ƙafafunta da bargo, tana kallon jikarta Huseina tana shirin tafiya asibiti, inda take aikin nas.

Shekara goma sha tara Hajiya Sailuba ta yi ana kiranta Mai Babban Ɗaki, domin ita ta haifi sarkin garinsu. A wancan zamani ko hakimi ne ya zo gaishe ta, tun daga zaure yake barin takalminsa. Da gwamnati ta sauke ɗanta, ta kai shi wani gari mai nisa ta ajiye, sai gidan ya watse. Matansa suka koma gidajen iyayensu. Ƙannenta da suka sami rawani ta dalilinta aka kwance musu ɗaya bayan ɗaya. Ita kuwa ciwon ƙoda ya kawo ta nan, aka yi mata iƙama, wato takardar zama, a ƙarƙashin jikarta. Maƙwabtansu 'yan Masar ba su san ta da wani suna ba sai Hajja.

Huseina ta ajiye mata shayi, ta ce Jabiru yana neman izinin zuwa gaisuwa.

"Ƙofar nan ba ta da dogari," in ji tsohuwar. "Mai kawo gas ma yana hawowa. Ke dai shafa hodarki ki tafi, kada marasa lafiya su tsorata."

Huseina ta yi ɗan murmushi, ta ce kwantiragin aikin Jabiru ya kusa ƙarewa. Hajiya ta mai da ido kan hita, kamar ba da ita ake maganar ba.

Jabiru injiniyan lantarki ne a filin jirgin sama, kuma shekara uku ke nan yana neman Huseina. Babu wanda ya taɓa jin wani aibu game da shi. Laifinsa ɗaya: ɗan Hansai ne. Hansai ita ce jakadiyar Hajiya Sailuba a fada, kuma aikinta ya wuce na sauran jakadu. Sarki ɗan farin Hajiya ne. Saboda kunya irin ta gidansu, tun ranar da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa yi masa magana baki da baki ba. Kakarsa ce ta raine shi. Gaisuwa, faɗa, roƙo, addu'a, duk Hansai ce ke ɗauka ta kai, ta dawo da amsa. Amma ranar da sabon sarki ya shiga gida, Hansai ba ta fita ba. Ta zauna tana yi wa uwar sabon sarkin hidima.

Da Huseina ta aika wa mahaifinta, sarkin da aka sauke, maganar auren, amsar da wani alhaji ya kawo gajera ce: abin da Babban Ɗaki ya yanke, shi ne. Babban Ɗaki kuwa bai ce i ba, bai ce a'a ba. Ƙawayen Huseina sun sha gaya mata ta nemi wani waliyyi a ɗaura kawai, ai nan ba gida ba ne. Ta ƙi. Ta ci gaba da kai kakarta wankin ƙoda, tana gasa mata ƙafafu, tana auna mata ruwan sha. In kuka ya zo mata, banɗaki take shiga ta buɗe famfo. Hajiya tana jin famfon, kuma ta san ba wanki ake yi ba.

Bayan la'asar aka ƙwanƙwasa ƙofa. Ba ta ji ƙarar takalmi a matakala ba, don haka ta san ko wane ne. Kullum a ƙasan bene Jabiru yake barin nasa, yadda uwarsa ta koya masa. Ya shigo da jiƙaƙƙun ƙafafu, ya durƙusa a bakin dadduma, ya yi gaisuwa irin ta fada wadda ba mai yi mata yanzu.

"Ranki ya daɗe, Inna ta rasu ranar Juma'a."

Hajiya ta yi salati a hankali. Ya ce ba maganar aure ce ta kawo shi ba. Zai tafi gida, kuma ya gaya wa kamfani ba zai sabunta kwantiragin ba, don riƙe Huseina da yake yi ya fara zama zalunci. Sai dai yayarsa ta gaya masa a waya cewa Inna ta bar tambaya, ta ce a kawo Babban Ɗaki.

"Me ta ce?"

"Cewa ta yi, wa ke kai wa Hajiya saƙo yanzu?"

Hajiya Sailuba ta tuna ranar da aka naɗa ɗanta. Da hantsi wata mata ta shigo da tabarma a hammata, ta zube ta yi gaisuwa. Hansai ce, kuma daga ɗakin uwar sarkin da ya rasu ta fito. Hajiya ta karɓe ta da murna, ba ta taɓa tambayar yadda waccan tsohuwar ta kwana ba. Jakadiya ta gida ce, ba ta mutum ba. Ta san haka tun can, ta dai zaɓi ta manta da abin ya zo kanta. Sannan ta tuna abin da ya fi wannan ciwo: tun da aka sauke ɗanta, ko kalmar jaje ɗaya daga gare ta ba ta kai masa ba. Ta bar shi a garin da bai san kowa ba, tana fushi da Hansai, bakin da ta rasa.

"Uwarka ta fi ni sanin muryarsa," ta ce. "Tashi ka je. Ka sa takalminka tun daga nan in ka sake zuwa, ƙasan nan da sanyi."

Da Huseina ta dawo kafin magariba, ta tarar ba a taɓa abinci ba. Kakarta ta ce ta ɗauko takarda da biro. Ta zauna, tana jira a ce ta rubuta "Zuwa ga mai martaba" ko "Ga mahaifin Huseina".

"Rubuta: Isiyaku."

Biron ya tsaya. Huseina ta ɗago kai. Tsohuwar ba ta sunkuyar da kai ba.

"Ba ki iya rubuta sunan ubanki ba ne, duk bokon nan?"

Wasiƙar ba ta da tsawo. Ta yi masa jajen abin da ya same shi, ta ce ta makara. Ta gaya masa likitoci ba sa ɓoye mata komai, kuma ba ta sa ran sake ganin gida. Ta ce Hansai ta rasu, ya yi mata addu'a. Ta ce ya ba Jabiru Huseina, domin yarinyar ta yi haƙurin da su manya suka kasa. Hawaye suka ɓata layi biyu, Huseina ta ce za ta sake kwafa. Hajiya ta ce a bar shi haka.

Mulki aro ne, ana karɓe shi a wuni ɗaya. Abin da ba a karɓewa shi ne ɗa da jika da mutanen da suka yi maka hidima, sai dai mutum ya watsar da su da hannunsa saboda girman da ya riga ya wuce.

Jabiru ya ce zai kai wasiƙar hannu da hannu. Hajiya ta gode masa, ta ce ta gama da 'yan aike. Ranar wankin ƙoda ta sa mai tasi ya tsaya a gidan waya. Huseina ta riƙe ta har bakin akwatin. Hajiya Sailuba ta fito da hannunta daga cikin abaya, ta shafa sunan da ke bayan ambulan da ɗan yatsa, sannan ta saki.