Kwalbar Albasa a Kabad ɗin Inna

Ku matso kusa, samari da 'yan mata, yau labarin wata 'yar kwalba zan ba ku, wadda ba ta fi tafin hannu ba amma ta kusa raba aure.

A hawa na biyu na wani tsohon bene akwai wata amarya da kowa ke kira Auta, don ita ce ƙarama a ɗakinsu. Mijinta mai gyaran firij ne, dogo siriri, har sunan Dogo ya bi shi. Watansu takwas da aure, suna son juna kamar su haɗiye juna. Abu ɗaya ne ya hana Auta sakewa: Inna, mahaifiyar Dogo, ba ta taɓa sa abincinta a baki ba. Ta so ɗanta ya zauna da ita a babban gida, sai ga shi ya kama haya. Tun daga nan ta ɗora laifin a kan yarinyar. In Auta ta durƙusa ta gaishe ta, "lafiya" ɗaya take samu, ita ma da ƙyar.

Wata Asabar da hantsi Auta tana kicin tana aikin da ta fi ƙwarewa a kai. Kwando guda na albasa ta yanka siri-siri, ta zuba a tukunya mai kaurin gindi da ɗan mai da gishiri, ta rage wuta ƙasa-ƙasa. Ba irin suyar da albasa ke bushewa ta yi ƙaras-ƙaras ba ce. Wannan a hankali take narkewa, ta yi laushi, ta yi zaƙi, ta koma launin zuma, har kwando guda ya dawo cikin kwano ɗaya. In ta fara kama gindi, sai Auta ta yayyafa ruwa ta kankare da muciya. In ta huce sarai, ta ɗura a ƙananan kwalabe da busasshen cokali, ta rubuta kwanan wata a murfi. Ta cin kwana huɗu tana shiga firij, sauran kuma firiza.

Dogo ya leƙo yana ɗaura agogo.

"Madam, wannan girki naki ba ya ƙarewa ne? Tun ina aske gemu kike juyawa, ga shi har ya fara tsirowa!"

"Yallaɓai, in na ƙara mata wuta ƙonewa za ta yi ta yi ɗaci. Kai dai ka tanadi burodi."

Ya miƙo yatsa zai lakata, ta buge hannun. Suna cikin dariya wayarsa ta yi ƙara. Yayarsa ce, wadda suke kira Yaya Babba. Auta tana kallo fuskarsa ta sauya.

"Inna ce," in ji shi. "Tun safe take amai da gudawa, ta faɗi a banɗaki. Suna asibiti." Ya dubi Auta. "Yaya ta ce... wai in zo da ke."

Gaban Auta ya faɗi. Tunda aka yi auren, ba a taɓa cewa a zo da ita ko'ina ba. Ta kashe wuta, ta bar tukunyar a buɗe, ta yafa mayafi.

A barandar asibiti suka tarar da Yaya Babba tsaye, idanunta jajur, da Kawu, ƙanen Inna, zaune a benci yana jan carbi. Ta tagar ɗaki Auta ta hango Inna kwance, an sa mata ƙarin ruwa, idanu a rufe, baki ya bushe. Matar da muryarta ke cika gida ta koma kamar tsumma a kan gado.

Auta ta durƙusa za ta gaishe su, Yaya Babba ta daka mata tsawa.

"Riƙe gaisuwarki! Wannan rubutun wa ne?"

Ta zaro wata kwalba daga leda ta kai ta saitin fuskar Auta. Saura kaɗan a gindinta, ya yi kumfa, wani wari mai tsami yana fitowa ko da murfin a rufe. A kan murfin kuwa ga rubutun Auta ɓaro-ɓaro.

"Nawa ne, Yaya. Amma ta yaya..."

"Kawu ka ji ko? Ta amsa da bakinta! Jiya Inna ta ci wannan abin da shinkafa. Ita da kanta ta gaya mini a mota cewa matar Dogo ce ta aiko mata. Me kika zuba a ciki? Me tsohuwar nan ta tsare miki?"

"Innalillahi! Wallahi Yaya ban..."

Sai Auta ta tuna wata safiya, mako biyu da wani abu da suka wuce, da ta ƙirga kwalabenta ta ga babu ɗaya. Ta ɗauka ita ce ta yi kuskuren ƙirga. Gidan kuma su biyu ne kawai. Ta juya a hankali ta dubi mijinta. Dogo ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa, gumi na bin wuyansa.

Nan tsoro na biyu ya kama ta, wanda ya fi na farko. Ta san wanda ya ɗauki kwalbar. In ta faɗa, ta tona wa mijinta asiri a gaban danginsa, ta nuna shi a matsayin ɗan da ya kwantar da uwarsa. In ta yi shiru, ita ce mai sa guba. Ta jira ya buɗe baki. Bai buɗe ba.

Likita ta fito daga ɗakin, wata mace mai gilashi, ta tambayi abin da mara lafiya ta ci. Auta ta share hawaye ta miƙe, don ta ga ran Inna ya fi komai.

"Likita, albasa ce da mai da gishiri, babu wani abu. Amma ki duba murfin. Yau kwananta goma sha tara. Ko a firij ba ta wuce kwana huɗu zuwa biyar." Ta juya ga Yaya Babba. "Don Allah Yaya, a ina aka ajiye ta?"

"A kabad mana! Inda Inna ke ajiye tata soyayyiyar albasar shekara da shekaru, ba ta taɓa kashe kowa ba."

"Ta Inna busasshiya ce, Yaya, an tsane mata ruwa ƙaf. Wannan da damshinta. In ta kwana biyu a zafi ta lalace."

Likita ta gyaɗa kai. "Gaskiya ta faɗa, kuma ta taimake mu. Abinci ne ya lalace. Amma Mama ta manyanta, ruwan jikinta ya ƙare sosai. Ba zan ɓoye muku ba, sai mun ga yadda za ta wuni."

Ta koma ciki. Auta ta zaci ta tsira, ashe da saura.

"Au, to kin san tana lalacewa!" in ji Yaya Babba. "Kin sani sarai, kika aiko wa tsohuwa ba tare da kin ce a sa a firij ba. Ai gara mai guba, shi an san maƙiyi ne. Ke kin yi kisan mummuƙe, hannunki fes!"

Kawu ya ajiye carbi. Mutum ne da ba ya ɗaga murya, shi ya sa maganarsa ke da nauyi.

"Yarinya, ba zan ce kin yi da gangan ba, Allah ne masani. Amma zama ya yi wuya. Ki je ki haɗa kayanki ki tafi gidanku, har mu ga abin da Allah zai yi da 'yar'uwata. In ta tashi, a zauna. In kuma ba ta tashi ba..." Ya juya wajen Dogo. "Kai Dogo, kai ta."

Auta ta ga kanta tana shiga gidan iyayenta da akwati, unguwa na nuna ta da baki. Ta sake duban mijinta sau ɗaya, ba harara. Sannan ta ce, "To, Kawu," ta juya.

Taku uku ta yi ta ji wani sauti a bayanta kamar an shaƙe mutum. Dogo ne ya zube a gaban Kawu, gwiwa biyu a ƙasa.

"Kawu, ba inda za ta! Ni ne! Ni na ɗauki kwalbar daga firij ba ta sani ba. Ni na kai wa Inna na ce surukarta ce ta aiko."

"Kai?" Yaya Babba ta dafe ƙirji.

"Na gaji da ganin Inna tana kawar da kai daga abincinta. Na ce in ta ɗanɗana wannan ko zuciyarta za ta yi laushi. Na ajiye mata a kan tebur na fita da sauri, ana jira na a shago. Ban ce mata komai a kan firij ba, wallahi ban ma tuna ba." Ya fashe da kuka. "Tun da na ga kwalbar nan nake so in faɗa, tsoro ya riƙe mini harshe."

Yaya Babba ta nuna shi da yatsa.

"Kai da kake gyara firij ɗin gari guda! Kai ne ba ka san abin da ake sawa a ciki ba?"

Kawu ya dubi Auta. "Kin san shi ne?"

"Na sani, Kawu."

"Kika yi shiru za ki tafi?"

"Mijina ne. Na fi so ya faɗa da bakinsa."

Kawu ya girgiza kai, ya matsa gefe a kan bencin. "Zauna nan, 'yata."

Amma tsoro bai tafi ba, don Inna ba ta farka ba. Wunin ranar duk a benci suka yi shi. Duk lokacin da nas ta fito da sauri, sai Auta ta ji numfashinta ya tsaya. Ta san ko an wanke ta, in tsohuwar nan ta cika, Dogo ba zai taɓa yafe wa kansa ba, kuma duk ranar da ya ji ƙamshin girkinta uwarsa zai tuna. Da aka nemi mai wanke zannuwan da suka ɓaci, ita ta karɓa ta wanke a famfon baya, tana wanki tana addu'a. Dogo ya biyo ta ya tsaya daga nesa.

"Sori, Auta. Ban san da wane ido zan kalle ki ba."

"Riƙe min bokitin nan tukuna," in ji ta. "Maganarmu sai Inna ta tashi."

Sai la'asar ta rana ta biyu Inna ta buɗe ido ta nemi ruwa. A rana ta uku, bayan Kawu ya kwashe labari duka ya gaya mata, ta ce a kira mata matar Dogo, kowa ya fita.

Auta ta shiga, ta durƙusa a gefen gado.

"Tashi ki zauna a nan," in ji Inna da 'yar siririyar murya. "Kin san abin da ya sa kwalbar nan ta kai kwana goma sha tara?"

"A'a, Inna."

"Daɗi ta yi mini. Tunda nake ban taɓa cin albasa irinta ba. Sai na riƙa lakatar rabin cokali ina rufewa, ina ɓoye ta bayan gwangwanaye don kada ta ƙare. Ko da na ji ta fara tsami, na ce ai ba a zubar da abin kirki. Da na aiko na ce ki ƙaro mini, da kin gaya mini yadda ake ajiye ta. Girman kai ya hana ni in roƙi surukata." Hawaye ya gangaro mata ta gefen ido. "Ni na kwantar da kaina, 'yar nan. Ki yafe mini wata takwas ɗin nan."

Auta ta kifa kai a kan hannun tsohuwar ta yi kukan da ta riƙe kwana uku.

"Ya isa, ya isa, za ki jiƙa mini ƙarin ruwa," in ji Inna. "In an sallame ni, gidanku zan sauka in yi jinya. Ke za ki riƙa ba ni abinci. Shi kuwa wancan dogon banza, kada ki bari ya ko matso kusa da kwanona!"

To, kun ji yadda aka yi. Ɗa ya so haɗa uwarsa da matarsa ta hanyar ƙarya, ƙaryar ta kusa raba shi da su duka biyun. Uwa ta ɓoye abin da ke ranta, ɓoyon ya kai ta gadon asibiti. Alheri ba ya buƙatar a bi da shi ta bayan gida, kuma abin da baki zai faɗa cikin daƙiƙa ɗaya, kada kunya ko tsoro su sa a riƙe shi har ya zama ciwo. Ita kuwa Auta, da ta riƙe harshenta a ranar da ta fi kowa hujjar magana, haƙurinta ya ba ta uwa ta biyu.