Katafilar Sahabi

Sahabi mai gyaran janareta ne a Wara, amma ba abin da yake so kamar ƙera 'yan ƙananan katafila da gwangwani da injin tsohuwar rediyo. Ranar da ya gama sabuwa, ya kasa jiran safiya. Bayan magariba, lokacin da kowa ke barin bakin tafki, ya kai ta can gwaji.

Tana cikin kwasar yashi sai kwaɗi suka yi tsit. Warin laka ya taso. Wani tsoho na tsaye a kan Sahabi, rigarsa na ɗigar ruwa.

"Ɗana, wagga aba tana tono?"

"Ta wasa ce, Baba."

"Laka ta toshe min ƙofa tun da aka tare ruwa. Iyalina na ciki."

"Ina gidan?"

Tsohon ya nuna tsakiyar tafki, inda babu ko tsibiri.

Sahabi ya zare batir ya jefa aljihu. Kafin ya ɗauki katafilar, ta yi ƙara, ta juya, ta nufi ruwa.

Yatsu masu sanyi suka riƙe hannunsa.

"Ita ta yarda," in ji tsohon. "Saura direba."