Shanun da Ba Su Tsallaka Titi Ba

Ana sallame la'asar labari ya iso wa Sufeto Ɗangiwa: motar sintirin 'yan sanda ta buge wani manomi a hanyar Kebbe zuwa Tambuwal, ya rasu nan take. Sunansa Malam Ubaidullahi, mutumin Sanyinna, yana tura kekensa da buhun dawa a kai.

Kafin Sufeto ya kai wurin, an riga an rubuta rahoto. Direban motar, Saje Gazali, ya ce garken shanu ne ya faɗo masa titi, ya kauce, ya haɗa da marigayin. Har an kamo wani makiyayi mai suna Atu an rufe shi.

Sufeto ya zagaye wurin sau biyu. Daren jiya an yi ruwa, ƙasa da laushi, amma bai ga sawun kofato ko ɗaya ba, bai ga kashin shanu ba. Geron da ke bakin titi yana tsaye, ba abin da ya taɓa shi. A kan kwalta kuwa babu alamar birki.

Ya koma ofis ya sa aka fito da Atu.

"Ina shanunka suke da azahar?"

"Ranka ya daɗe, Fakku munka wuni, rigakafi anka yi musu. Ku tambayi malamin dabbobi."

Sufeto ya buga waya. Malamin ya tabbatar: shanun Atu ba su bar Fakku ba sai ƙarfe uku.

Sai Sufeto ya nufi motar. An wanke ta tas, har tayoyi. Ya zura hannu ƙarƙashin kujerar direba, ya zaro ledojin giya guda huɗu, an huda bakinsu da haƙori.

Ya kira Kofur Mu'awiya, wanda yake zaune kusa da direba lokacin hatsarin.

"Shanu nawa ka gani?"

"Kamar talatin, Oga. Farare."

"Saje ya ce jajaye."

"To... gauraye suke."

"Wa ya wanke mota?"

Kofur ya sunkuyar da kai. "Oga Abdulhakeem yac ce a wanke."

Oga Abdulhakeem shi ne shugaban ofishin. Washegari da safe ya kira Sufeto, ya rufe ƙofa da kansa.

"Ɗangiwa, mi kaka nema? Gazali namu ne, shekara biyu ta rage mai ya yi ritaya. Mu yi mai horo na cikin gida, a canza mai wurin aiki, magana ta mutu."

"Atu fa, yallaɓai?"

"Ya yi sati biyu, a sake shi."

"Watan jiya mun kai ɗan kabu-kabu kotu don ya sha ya hau babur. Ko akuya bai buge ba, yana gidan yari yanzu. Wannan rai guda ya kashe."

"Ka san zan iya tura ka ƙauyen da ko waya ba ta shiga?"

"Na sani, yallaɓai. A rubuta takardar, zan sa hannu. Amma fayil ɗin nan ba ni canza harafi guda cikinsa."

Daga nan ya wuce asibitin da aka ɗinke goshin Saje. Nas Sharifa ta ɗauko katin ba tare da gardama ba.

"Na rubuta da hannuna: yana warin barasa, ba ya iya tsayuwa. Ɗazun anka turo a ce in sake kati, na ce ba ni yi."

Da azahar Sufeto ya jera ledojin, katin da bayanin malamin dabbobi a gaban Saje Gazali.

"Kofur ya sake bayaninsa. Saura kai."

Saje ya dubi teburin.

"Ban ga saniya ba," ya ce a hankali. "Shi kanshi mutumin ban gan shi ba sai da nij ji ƙara."

"Yaushe ka fara sha?"

"Tun hantsi."

"Karo na nawa ke nan?"

"Na uku. Na farko katanga ce, na biyu wata mata na karya wa ƙafa. Kowane karo canjin wurin aiki anka yi min." Ya share fuska da tafin hannu. "Da an kama ni tun ran nan, da bawan Allahn ga na raye."

Oga Abdulhakeem ya banko ƙofa. "Ba ni fayil ɗin!"

"Kwafinsa ya tafi hedikwata Sakkwato tun safe, yallaɓai. Da sunan wanda ya sa aka wanke mota."

Oga ya juya ya fita.

Aka sallami Atu. A harabar ofis 'yan'uwan marigayin sun cika, sun zo daga Sanyinna tun safe, suna zaune cikin rana ba wanda ya ce musu komai.

Saje ya leƙa ta taga, ya juyo. "Don Allah Sufeto, ka fitar da ni ta baya. Kar ka sa min ankwa gaban mutane. Shekara ashirin muna aiki tare."

Sufeto ya karɓi bel ɗinsa da hularsa ya ajiye a kan tebur, ya danna masa ankwa.

"Ta ƙofar gaba za mu bi."

Da suka fito, mutanen Sanyinna suka miƙe tsaye gaba ɗaya, suka dare musu hanya har zuwa mota.